Aron Rana

Ni ba mai haƙuri ba ne, kowa a Kakangi ya san haka, kuma ina jin shi ya sa suka zaɓe ni. Sa'ad da Turawa suka ce kowane yanki ya aiko da mutum guda ya zauna a majalisar En'e, wato hukumar gargajiya, a Birnin Gwari tare da sarki da hakimai, dattawan garinmu suka duba suka ce a tura wanda magana ba ta kwana a cikinsa. A lokacin noma nake yi, ina taɓa fataucin goro da gishiri, na kuma shiga ajin yaƙi da jahilci har na iya karanta abin da aka rubuta a allo. Iyakar bokona ke nan. Shekarun nan ne da ake ta raɗe-raɗin Turawa za su tafi, amma ba su tafi ba tukuna.

Majalisar ba kullum take zama ba. Sai an yi watanni ake kiranmu, da damina kuwa ba a kira sam, don rafuka sun datse hanyoyi. Ranar zama, magatakarda kan rubuta maganganun da za a yi a wani baƙin allo da ke jingine da bango, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Wannan jeri shi ake kira ajanda. A sama akwai maganganun Di'o, Baturen da ke mulkin yankin, da na sarki, irin su haraji da tsabtar kasuwa da allurar shanu. A ƙasa sai namu na wakilai, wanda ya riga kai wa magatakarda tasa shi ne a gaba. Da ladan ya kira la'asar an tashi, ko da mutum na tsakiyar magana, domin motar Di'o na son ta fita daji da sauran rana, mu ma masu kekuna haka. Abin da ba a kai gare shi ba sai zama na gaba. A yadda na gani, in an gama da na sama, ɗan lokacin da ya rage da kyar yake isar maganar wakili ɗaya.

To, akwai wani Ardo da rugarsa ke sauka a gonakinmu kowane rani tun zamanin kakana. Da an kwashe amfani shanunsa za su shigo su ci kara su bar mana taki, in ruwa ya sauka su ja baya zuwa bakin daji. Dawar Kakangi da ake yabo a kasuwa, rabin yabon na shanun nan ne. Amma ni ba don taki nake sonsa ba. Abokin mahaifina ne, tare suka tashi, kuma bayan rasuwar mahaifina shi kaɗai ya rage a duniya mai kirana da wani sunan wasa da tsohon ya laƙaba mini tun ina rarrafe. Ga ni da iyali, ga ni ɗan majalisa, amma in Ardo ya hango ni daga nesa ya ƙwala mini wannan suna, sai in ji kamar mahaifina bai mutu ba. Baffa nake ce masa.

A kakar wata shekara ɓarayi suka faɗa wa garkensa da rana tsaka a mashaya. Suka sari babban ɗansa a kafaɗa, suka kora zaɓaɓɓun shanun suka yi yamma da su. Aka aika Birnin Gwari, 'yan doka suka zo suka bi sawu, ni ma ina cikin masu rakiya. Muka bi har bakin kogin da ya raba ƙasarmu da wani lardi. A nan sajan ya tsaya, ya cire hula yana fifita. Ya ce ikonsa daga nan ya ƙare, in ya taka hayin can da kayan sarki a jikinsa shi ne zai zama mai laifi. Muna tsaye muna hangen kashin shanun, ɗanye, a kan yashin wancan gefe. Ban taɓa jin takaici irin na ranar ba. Ɓarayin sun fi mu sanin inda iyakar take.

Ba a daɗe ba aka kira majalisa. Ana tsakiyar maganar inda za a riƙa zubar da shara a kasuwa na miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe," na ce, "an sari mutum, an kore shanu, mu kuma muna zaune muna maganar bola!"

Tafinta ya juya wa Di'o maganar da Turanci, ina jin ya rage mata yaji. Di'o ya amsa a natse, ya ce abin baƙin ciki ne ƙwarai, amma maganar ba ta cikin ajanda, in kai wa magatakarda ya rubuta don zama na gaba. Sarki ya ɗaga mini hannu alamar in zauna. Na zauna ina huci.

Kafin in hau keke na kai maganata. Na ce a ajiye 'yan doka a mashigin kogin, a ɗebo su daga cikin tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama suna zaune ba aikin yi. Na ce kuma a nemi yardar hukumar hayin kogi, in an bi sawu ya ƙetare a ƙetare tare da shi. Magatakarda ya rubuta, ya ce ni ne na biyu. Wakilin Gwaska na gabana da maganar gada, shi ma tun zaman baya yake jira ba a kai gare shi ba.

Na tarar da Ardo a ruga, zaune kusa da ɗansa da aka ɗaure wa kafaɗa.

"Me suka ce?"

"Baffa, sun ce maganar ba ta cikin ajanda."

Ya dube ni. "Wane ne shi wannan Ajanda? Bayarabe ne?" Kafin in amsa ya ƙara da cewa, "Kai ni wurinsa mu gaisa. Zan sa a cika masa ƙwarya da man shanu."

Duk da abin da ke raina sai da na yi dariya har da riƙe ciki. Na yi masa bayanin allo da alli. Shi bai yi dariya ba. Ya kira ni da sunan nan, a hankali, ya ce, "A ƙasar nan na binne iyayena. Amma ba zan binne ɗana saboda allo ba. In ruwan farko ya sauka ba a yi komai ba, zan bi 'yan uwana kudu, kuma ba dawowa."

Na san shi, ba ya faɗin abin da ba zai yi ba. Na ce masa zama ɗaya ne ya rage kafin damina, ni kuma na biyu ne, na biyu kuwa ba kasafai ake kai gare shi ba. Ya yi guna-guni da Fillanci, ya soki ƙasa da sandarsa.

"Ku manoma, in ciyawa ta ci gonar mutum, ba aron rana kuke yi ba?"

Haka ne kuwa. A wajenmu in damina ta kama akan tsara ranakun gayya, yau gonar wane, jibi gonar wane, gari duka ya taru ya nome ta. Amma in wani ya kwanta ciwo har ciyawa ta rufe masa dawa, yakan je wurin mai ranar da ke tafe ya ce, ara mini ranarka. Sai su yi musaya, wannan ya ɗauki ranar wancan. Ba a ƙi, sai in mai ranar ciyawarsa ta fi. Ban san yadda aka yi wannan dabara ba ta zo mini ba sai da makiyayi ya tuna mini.

Da bazara ta matso na hau keke na nufi Gwaska. Wanda bai bi dajin nan a wancan zamani ba ba zai gane ba. Itatuwan doka sun haɗe kai sun rufe sama, birai na tsallaka hanya ba su ko kallon mutum, ƙudan tsando na bin wuyana kamar na ci musu wani abu. Kusa da garin na iso wani rafi. Ba ruwa a ciki, amma gaɓarsa ta yi zurfi har sai da na saɓa keken a kafaɗa na gangara na haura. Da na ɗaga kai na ga busasshiyar ciyawa da tarkace maƙale a rassan itatuwa, sama da tsayina. Nan ruwan bara ya kai.

Wakilin Gwaska tsoho ne siriri mai magana a hankali. A majalisa in ya tashi sai ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi lafiyar iyali da gajiyar hanya, ni kuma ina zaune ina cizon haƙora. A gidansa ma haka ya yi mini. Sai da na ci tuwon dawa na sha ruwa, sa'an nan ya ce mu taka zuwa rafin. A bakin gaɓa ya nuna mini gindin wata ƙirya. Ya ce bara da damina 'yar ƙanensa ta yi doguwar naƙuda, aka ɗauko ta a kan ƙyaure za a kai ta Birnin Gwari, aka tarar rafi ya kawo. A gindin itacen nan suka ajiye ta suna jiran ruwa ya janye, a nan Allah ya karɓi abinsa. Ya faɗa ba kuka ba ƙorafi, kamar mai ba da labarin wani gari.

Maganar da na ɗauko ta yi mini nauyi a baki. Amma na tuna da Ardo, na daure.

"Baba, aron rana na zo."

Ya tambaye ni yadda kafaɗar ɗan Ardo take, ya tambayi yadda aka yi a bakin kogi. Na gaya masa duka. Ya dubi rafin, ya ce, "Allah ya kai mu ranar." Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Na koma gida ban san abin da na samo ba.

Ana gobe zama na je wurin magatakarda na ce, in wakilin Gwaska ya yarda, a mai da ni sama a mai da shi gurbina. Ya girgiza kai, ya ce ba a musaya a allon nan. Na fara ɗaga murya, ya bar ni na gama. Sa'an nan ya ce in da ana musaya, da manya sun riƙa matsa wa ƙanana suna karɓe musu gurbi, da ni kaina ban taɓa samun yin magana ba. Ban so ba, amma na ga gaskiyarsa. Ya ce abu ɗaya ne doka ta sani: wanda aka kira bai tashi ba ya bar gurbinsa, sai a mai da shi can ƙasa, bayan kowa. Na dubi allon. Tun daga zaman kaka wakilai sun yi ta kawo nasu, jerin ya kusa taɓa ƙasa. Wanda ya faɗa can, ba damina ɗaya zai jira ba.

Da safe na sami wakilin Gwaska a gindin durumin da ke ƙofar majalisa. Na tsuguna na ce, "Baba, na janye roƙona. A nan ba aro ake yi ba, asara ce. In ba ka tashi ba sai ƙarshen allo. Ka tashi ka yi maganar gadarku."

Ya ce, "Na ji." Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Can gefe Ardo na zaune da sandarsa, ya yi sammako ya zo, ko da yake ya san ba za a bar shi ya shiga ba.

Ranar an yi zafi mai tsanani, hadari na ta haɗuwa a gabas yana watsewa. Maganganun sama suka yi ta ja. Aka fita azahar aka dawo, aka ci gaba. Ina kallon inuwar ƙofa tana rarrafowa a daɓe, ina tunanin yadda zan fita in dubi Ardo. Daga ƙarshe magatakarda ya ɗaga murya ya ce, "Wakilin Gwaska, maganar gada."

Tsohon bai motsa ba. Yana zaune a tabarmarsa yana jan carbi.

Magatakarda ya sake kira, da ƙarfi, ko tsufa ya taɓa kunne. Shiru. Di'o ya sa tafinta ya tambaye shi ko ya san in bai tashi ba maganarsa za ta koma bayan ta kowa.

"Ranka ya daɗe, na sani," in ji tsohon, daga zaune. "Ciyawa ta fi yawa a gonar wakilin Kakangi."

Zauren ya ɗauki wani irin gunji, don ba wanda bai gane ba. Har sarki na ga idanunsa sun yi murmushi a saman amawali. Di'o ne kaɗai ya juya ya dubi allo, ya tambaya wace gona ake nufi, shi bai ga maganar gona a ajanda ba. Tafinta ya sunkuya ya daɗe yana yi masa bayani a kunne. Da ya gama, Di'o ya dubi tsohon na ɗan lokaci, ya gyaɗa kai, ya ce ba a karya doka ba, a ci gaba. Magatakarda ya ɗauki tsumma ya goge layin Gwaska, ya durƙusa ya sake rubuta shi can ƙasa. Ina ganin tsumman nan yana wucewa a kan allo na tuna da gindin ƙirya.

Aka kira ni. Ni da aka aiko saboda baki, na miƙe. Amma ban yi ihu ba, don ranar ba tawa ba ce da zan ɓata ta da faɗa. Na ba da labarin sajan da hularsa da kashin shanu a hayin kogi. Wani hakimi ya ce tsofaffin sojoji ba su jin magana, wa zai iya da su a tsakiyar daji? Aka ce a sa su ƙarƙashin sajan ɗin 'yan doka, a kuma zaɓi masu iyali. Wani ya tambayi inda za su kwana, na ce mutanen Kakangi za su gina musu ɗakuna. Wakilin Kutemeshi ya tashi ya ce su ma a tasu iyakar haka abin yake, in an gwada a wajenmu ya yi kyau a tuna da su. Di'o ya ce zancen ƙetare kogi ba a hannunsa kaɗai yake ba, amma zai nemi takwaransa na wancan lardi. Aka ce a ɗaga hannu, hannuwa suka tashi, har da siririn hannun nan mai carbi. Ba mu daɗe da saukewa ba ladan ya kira la'asar.

A waje Ardo ya tare ni. "Ya yarda?"

"Wa?"

"Ajanda."

"Ya yarda, Baffa."

Ya ce in nuna masa mutumin da ya ba da ranar. Tsofaffin biyu suka tsuguna a gindin durumi suka shiga gaisuwa, lafiyar gida, lafiyar shanu, gajiyar hanya, suna maimaitawa. Wannan karon tsawon gaisuwar bai dame ni ba ko kaɗan.

Kafin ruwa ya zauna mun gina ɗakunan a mashigi, 'yan doka sun tare. Yardar hayin kogi ta ɗauki lokaci, amma ta zo. Ba zan ce sata ta ƙare ba, sai dai ɓarayi sun daina ɗaukar kogin a matsayin katangar gidansu. Da ruwan farko ya sauka Ardo ya kwashe rugarsa kamar yadda ya saba, zuwa bakin daji, inda in na tsaya a gonata ina hango hayaƙinsu. Na yi murna irin wadda ban iya ɓoyewa ba. Amma duk daminar nan, in aka yi ruwa mai ƙarfi, hankalina na Gwaska, don na san rafi ya kawo kuma ba gada.

Da aka gama girbi na tsaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a na ce, jama'a, ranar mutum na hannunmu. Ba sai da na yi dogon bayani ba. Muka nemi izinin malamin daji na sare itace, muka ɗebi gatura da diga da fartanyoyi muka nufi Gwaska. Ardo ya aiko da takarkarai don jan gungume da ɗaukar duwatsu, shi ma ya biyo mu a kan jaki duk da na ce ya zauna. Abin da muka yi ba gadar injiniya ba ce. Ginshiƙan dutse ne da gungumen doka a kai, aka shimfiɗa itace aka dake da ƙasa. Mota ba za ta hau ba, amma jaki da kaya zai wuce, mutanen da suka ɗauko mara lafiya ma za su wuce. Maganar gadar gwamnati kuwa tana nan a allo tana hawa a hankali, mun bar ta a gurbinta.

Wakilin Gwaska ya zo ya tsaya a gindin ƙiryar yana kallonmu. Ya ce, "Ni ban ba da ranar don a biya ni ba."

Na ce, "Mun sani, Baba."

Ya juya mana baya yana goge ido da hannun riga. Ina tsaye ban san abin da zan yi da kaina ba, sai na ji an ƙwala mini sunan nan daga ƙasan rafi, a gaban mutanen gari biyu, har mata masu kawo mana kunu suka fashe da dariya. Ardo ne, yana nuna ni da sanda.

"An gaya wa Ajanda muna nan?"

"Ba a gaya masa ba, Baffa."

"To, bar tsayuwa. Ɗauko wancan dutsen."

Na gangara na ɗauko.